Ba Wuta Ce Ta Tashi Ba, Tashinta Aka Yi

Kowace shekara, da zarar hunturu ya kankama, sai labarin gobara ya cika gidajen rediyo. Yau a ce gida ya ƙone a cikin birni, gobe a ce ɗakunan haya sun cinye ƙurmus a bayan jami'a, jibi kuma kasuwa. In aka tambayi musabbabi, sau da yawa amsar guda ce: "wutar lantarki ce." Daga nan sai a yi jaje, a ce Allah ya mayar da alheri, a share toka, kowa ya kama gabansa. To jama'a, ni dai wannan amsa ba ta gamsar da ni ba, kuma a ganina bai kamata ta gamsar da duk wanda ya shigo jami'a don a koya masa tambaya ba.

Da yake mu masu nazarin harshe ne, bari mu fara da ita maganar kanta. Bahaushe kan ce "wuta ta tashi", kamar wata dabba ce da ke barci ta farka don ganin damarta. Duba jimlar da kyau, mai karatu, babu wani mai aikatawa a cikinta sai ita wutar. Daɗa ga shi suna ɗaya muka raɗa wa abin da ke cikin murhu da abin da ke cikin waya, saboda haka sai mutane suka ɗauka ƙuna ai halinta ne. Alhali kuwa lantarki ba hali gare shi ba, lissafi gare shi. Gobarar lantarki a tsohon gida tashinta ake yi sannu a hankali, shekara da shekaru, kuma masu tashin nata suna nan, ko dai suna kwana cikin gidan, ko kuwa suna karɓar kuɗin hayarsa.

Gidaje da yawa a cikin birnin Kano da na Zariya da sauran tsofaffin garuruwanmu an ja musu waya ne tun zamanin hukumar ECN, wadda aka kafa a 1950, ko kuma farkon zamanin NEPA, wadda ta gaje ta a 1972. Wanda ya ja wayar a lokacin bai yi ha'inci ba, gwargwadon abin da ya gani ya auna. Me gidan ke da shi? Ƙwan fitila shida, a ce kowane mai wat 60, da fanka biyu, da akwatin rediyo. In ka tara duka da ƙyar su kai wat 600. Wutar da ake ba mu kuwa mai ƙarfin bolt 230 ce, watau abin da gidan ke ja bai cika amfiya 3 ba. Siririyar waya ta ishe shi har da saura.

Yanzu sai mu leƙa gidan nan a yau. Mai shi ya rasu, magada sun tsaga soraye da ɗakunan tsakar gida sun mai da su ɗakunan haya goma, sun zuba ɗalibai. Da asubar hunturu kowa na son ruwan zafi kafin ya tafi lacca. A ce biyar kaɗai daga cikinsu suka tsoma hita mai wat 1500 a bokiti. Wat 7500 ke nan, watau amfiya 32 da ɗoriya, ba a ma zo maganar dutsen guga da rishon lantarki da firjin matar mai gida ba. Duk wannan kaya an aza shi bisa wayar da aka shimfiɗa don ƙwan fitila. Wayar da masu aikin ke kira 1.5 iyakar ƙarfinta wajen amfiya 15 zuwa 20 ne, gwargwadon yadda aka shimfiɗa ta, mai lamba 2.5 kuwa 20 zuwa 27. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne zafin waya ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da abin da take ɗauka. In aka ninka nauyin sau biyu, zafin sau huɗu yake ninkuwa, in sau uku, sau tara. Robar da ta lulluɓe wayar kuwa ta sha zafin silin na shekara 40 ko 50, ta bushe, ta tsattsage, ɓera ya ci rabonsa. A haka take kwance kan busasshen katako ko jikin azara.

Waɗanda suka ƙago wannan sana'a sun san za a yi haka, shi ya sa suka ajiye mai gadi a bakin ƙofa, watau fis. 'Yar siririyar waya ce da aka yi ta musamman don ta narke kafin wayar cikin gida ta yi zafin da zai ƙona wani abu. Akwai mai amfiya 5 don fitilu, akwai mai 15, akwai mai 30. Ashe ke nan fis ɗin da ya ƙone ba lalacewa ya yi ba, aikinsa ya yi, ya ba da ransa don gidan ya tsira. To mu kuma me muke saka masa da shi? Sai a ce, "Kai, wannan fis ya cika fitina!" A kira yaron maƙwabta wai ya iya wuta, ya yanko jan ƙarfe mai kauri ya murɗa a gurbin, wani ma ƙusa zai sa, ko takardar kwalin taba mai ƙyalli. Wuta ta dawo, a yi masa sannu da aiki, har a ba shi na goro. Daga ranar nan gidan ba shi da mai gadi. Wurin da zai narke in nauyi ya yi yawa ya tashi daga jikin bangon zaure inda ido ke gani, ya koma cikin silin, bisa kan masu barci. Wanda ya yi wannan aiki ba gyara ya yi ba, ashana ya ƙyasta, jinkirin kamawa kawai ta yi.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce laifin 'yan NEPA ne, su ne ke ɗauke wuta su dawo da ita da ƙarfi. (Sunan nan ma abin nazari ne. NEPA ta zama PHCN a 2005, an miƙa rarraba wutar ga kamfanoni masu zaman kansu a 2013, amma har gobe bakin talaka bai saki tsohon sunan ba.) Ban wanke masu ba da wuta ba. Gaskiya ne wuta kan zo fiye da kima ta ƙona kaya, gaskiya ne kuma takan zo da rauni, wanda shi ma kan sa injin firji ya yi ta nishi yana zafi. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Daga turke zuwa mita hakkin kamfani ne, daga mita zuwa ɗakin kwana kuwa na mai gida ne, ba wani injiniyan kamfani da zai shigo ya duba masa silin. Ga shi kuma wutar da ta zo da ƙarfi unguwa guda ta zo wa. Me ya sa gidan wane ya ƙone, na kusa da shi kuwa ƙwan fitila kawai ya mutu?

Maganin ba ɓoyayye ba ne. Tsohon gida yana bukatar a sauke tsohon akwatin fis, a kafa sabon akwatin rarraba wuta mai bireka, a raba layuka, fitilu da nasu, soket da nasu, duk wani abu mai cin wuta irin na'urar sanyaya ɗaki a ba shi layinsa shi kaɗai da waya mai kauri. Amma a nan ma akwai wata yaudara da ta shigo gari, kuma ita ta fi ba ni haushi, don cikin sabuwar riga take tafe. Mai gida zai sayo akwati fari fes mai murfi, a kafa a zaure inda mai neman haya zai gani, tsohuwar wayar kuwa tana nan yadda take. Da bireka ta fara faɗuwa sai a ce ƙarama ce, a sauya ta da mai amfiya 63 "wadda ba ta faɗuwa". Haba jama'a! Bireka da ba ta faɗuwa da ƙusar da aka soka a gurbin fis, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Bireka waya take karewa, don haka da kaurin waya ake auna ta, ba da yawan son zuciyar mai gida ba. Har ila yau akwai ciwon da ko bireka mai kyau ba ta gani, watau mahaɗar da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda. Irin wannan takan yi sako-sako, ta riƙa tartsatsi tana zafi alhali abin da ke wucewa bai kai a ce ya yi yawa ba. Wannan ba shi da magani sai a hau silin a duba, a zare ruɓaɓɓiyar waya, a yi mahaɗa cikin akwatinta da dunƙule mai kyau.

Ban da ƙuna akwai kisa. Fis mai amfiya 15 bai san da zaman mutum ba, domin abin da ke tsayar da zuciyar ɗan Adam bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya guda ba. Yarinya za ta taɓa jikin firji da jiƙaƙƙen hannu, ƙafarta ba takalmi, wuta ta bi ta jikinta ta shige ƙasa, fis na zaune lafiya lau. Don haka ne aka yi wayar ƙasa, wadda ake haɗawa da sandar jan ƙarfe da aka kafe cikin ƙasa, aka kuma yi wata bireka ta musamman da ke lura da yoyon wuta, wadda ke faɗuwa cikin ƙiftawar ido in yoyon ya kai kashi 30 cikin 1000 na amfiya. Gidaje nawa ne cikin waɗanda muke haya ke da ita? A wasu ma ramin nan na uku na jikin soket ado ne kawai, ba a haɗa shi da kome ba. Sa'an nan ga janareta da ake cusa wayarsa cikin soket ba tare da makunnin canji ba, wutarsa ta bi layi ta koma turke, ta sami ma'aikacin da ya hau gyara yana zaton layin a mace yake.

Hujja ta biyu ita ce babu kuɗi. Lalle waya ta yi tsada, ba mai musu. Amma sai in tambaya, wa ya sayi tayil ɗin da aka shimfiɗa a tsakar gida? Wa ya biya fenti da ƙofar ƙarfe? Kuɗin akwai, sai dai abin da ido ke gani ake kashe wa, don shi ke ƙara kuɗin haya. In ma an tashi sayen wayar, sai a nemi mai araha, a kwaso alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a baya, alhali alminiyam bai kai kashi biyu cikin uku na jan ƙarfe wajen ɗaukar wuta ba. Haka nan wajen ma'aikaci. Ga wanda ya yi shekaru yana koyo, ya san lissafin nauyi, yana da na'urar gwaji, sai a guje shi don ya ce sai an sake waya, a ɗauko mai filaya da abin gwaji na aljihu don shi ba ya musu. Mun mai da gaskiyar ma'aikaci laifi. Ba kuwa dole ne a yi aikin duka rana ɗaya ba. Ana iya farawa da akwati da wayar ƙasa da layin da ya fi shan nauyi, sauran su biyo baya ɗaki ɗaki.

Hujja ta uku, wadda ake rufe bakin kowa da ita, ita ce ƙaddara. Mun yi imani da ƙaddara, amma a makarantar allo ma an koya mana cewa ɗaure raƙumi ake yi tukuna a yi tawakkali. Wanda ya ji ƙaurin roba a ɗaki, ya ga soket ya yi baƙi, ya taɓa makunni ya ji zafi, ya ga fitila na lumshewa duk sa'ad da aka kunna dutsen guga, sa'an nan ya yi shiru, an riga an yi masa gargaɗi sau huɗu. Kada ya jingina sakacinsa ga Ubangiji.

Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, ba ku fita ba. Mai karatun digiri ne zai fige kan waya ya tura tsirararta cikin soket ya danne da tsinken ashana. Shi ne zai jera hita da dutsen guga da risho a kan 'yar wayar ƙari guda, ya bi ta ƙarƙashin katifa. In aka ɗauke wuta yana cikin guga, sai ya fice ya bar dutsen a kunne bisa tabarma. In mun je neman ɗaki, muna tambayar ruwa, muna tambayar nisa da ƙofar makaranta, muna ciniki kamar za mu sayi gidan, amma ban taɓa jin wanda ya ce a nuna masa akwatin wuta ba.

Doka ba ta rasa ba. Tun 2015 aka kafa hukumar NEMSA, wadda aikinta ne duba ingancin aikin lantarki da ba masu sana'ar takardar shaidar ƙwarewa. Sai dai ƙa'idojin nan da Turanci suke, cikin manyan takardu, mai gida da ɗan haya da yaron da ke koyon aikin kuwa da Hausa suke tunani. A nan ne nake ganin wannan ƙungiya tamu ke da bashi a wuyanta. Muna shirya muhawara kan karin waƙa da asalin kalma, hakan kuwa daidai ne, amma ba mu taɓa zama da 'yan sashen injiniyan lantarki, da ke nan tsallaken titi, mun fitar da 'yar takarda mai shafi huɗu ba, da boko da ajami, wadda za ta faɗa wa mai gida kaurin wayar da ta dace da kowane layi, da girman birekar da ta dace da kowace waya, da alamun da in ya gani zai kashe babban makunni ya kira masani. Ina kira ga shugabannin ƙungiya su sa wannan cikin aikin zangon nan, malamanmu kuma su duba mana kalmomin. Ƙungiyar ɗalibai ita ma ta buɗe rajistar gidajen haya na kewayen makaranta, ta nemi ma'aikaci mai takardar shaida ya zagaya, duk gidan da aka tarar da ƙusa ko jan ƙarfe a gurbin fis a rubuta shi a allon sanarwa kafin a fara karɓar kuɗin hayar baɗi.