Takunkumi da dokar ta-ɓaci: a sa musu wa'adi, a ƙirga ƙuri'a

Jama'a, mu da ke Maitama muna zaune tsakiyar ofisoshin jakadanci, amma yawancinmu iyayenmu suna Jibiya, Illela, Kamba da Maigatari. Shi ya sa maganar takunkumi ta shafe mu kai tsaye.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi. Najeriya ta rufe iyaka, ta yanke wutar da Nijar ke dogaro da ita. An ce mana mako ɗaya ya isa Janar Tchiani ya mayar da Bazoum kan kujera. Sai da aka kusa wata bakwai kafin a janye takunkumin a 24 ga Fabrairu 2024. Me aka samu? Bazoum bai fito ba, kuma Nijar, Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar. Wanda ya ji a jikinsa shi ne direban da albasarsa ta ruɓe a bakin iyaka, da majinyacin da magani ya yanke masa a Maraɗi.

Masu goyon baya suna cewa in ba a hukunta sojoji ba, gobe wasu za su kwaikwaya. Mu ma ba mu son mulkin bindiga. Amma hukuncin da ya tsallake janar ya sauka kan mai tallan fura, ai zalunci ne.

Cikin abubuwan da suka hana yaƙi a Agusta 2023 akwai sashe na 5 na tsarin mulki, wanda ya hana Shugaba Tinubu tura sojoji yaƙi a waje ba tare da amincewar Majalisar Dattawa ba, ita kuma ta ƙi goyon bayan matakin soja. Rufe iyaka kuwa ba a jira amincewar majalisa ba. Haka Buhari ya rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. A Maris 2025 aka amince da dokar ta-ɓaci a Ribas da ƙuri'ar baki, alhali sashe na 305 yana buƙatar kashi biyu cikin uku. Yaya ake ƙirga wannan da ihu?

Buƙatarmu ga 'yan majalisa ita ce: duk takunkumi ko ikon gaggawa ya zo da ranar ƙarewa, kada a tsawaita shi sai an yi muhawara a fili, kowa ya kaɗa ƙuri'a da sunansa. Kowannenmu ya tuntuɓi sanatan mazaɓarsa ya ji matsayinsa tun yanzu, kada mu yi ihu bayan hari.