Ido Ba Mudu Ba: Shawara Ga Kafintocinmu Na Jos

Yau ba siyasar Filato zan taɓo ba, maganar katako zan yi.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba amma ya san kima. A wajen awon hatsi na yarda. A wajen ƙaramin aikin katako kuwa ban yarda ba. Kafintocinmu na Laranto da Gangare da Unguwar Rogo sun iya gado da ƙofa da kujera, amma ka ce a goge maka ƴan sanduna ashirin masu kaurin milimita 3, sai ka ga kowane da kaurinsa. Ba rashin gwaninta ba ne, yatsa ne ba ya iya riƙe ɗan guntu a ƙarƙashin filen, wato abin gogar katako na hannu.

Maganin abin a ƙasa yake, cikin guntayen da ake sharewa a kasuwar Katako. Ka samu faffaɗan allo shimfiɗaɗɗe. Ka manna masa sanduna biyu na katako mai tauri, kamar maɗaci, a jere, kaurinsu daidai da wanda kake nema. A goshi ka sa ɗan tokari. Sai ka kwantar da guntun a tsakani, gefunan filen su hau kan sandunan. Da yake wuƙar ba ta kai bakin gefe ba, ba za ta ci sandunan ba. Da zarar ta daina fitar da ɓawo, aiki ya kai. In kana son ya ƙara sirancewa, ka sa takarda ɗaya a ƙarƙashinsa. Na biyu kuma allo ne mai tokari a gicciye, a kwantar da filen a gefensa yana zamewa, yana daidaita bakin guntu tsaf. Ba ruwanka da wutar lantarki, yatsunka kuma sun tsira.

Wani zai ce ina ribar wannan wahala? To, ɗaliban zanen gine-gine na Jami'ar Jos suna haɗa ƙananan samfurin gidaje, haka ma masu kwangila. A samfurin da aka rage sau 100, kuskuren milimita 1 daidai yake da santimita 10 a ginin gaske. Mai irin wannan aiki ba ya tambayar unguwarku ko asalinku. Wanda ya iya yake nema. A garin da rikicin 2001 da na 2008 suka raba mana unguwanni, gobarar 2002 kuma ta cinye kasuwar Terminus, sana'ar da za ta sa mutum ya tsallako ya neme ka ba abin rainawa ba ce.

Kakanninmu haƙar kuza da fatauci suka kawo su tudun nan. Kuza ta ja baya, takardar shaidar ɗan ƙasa kuma kowa ya san yadda take. Abin da ke hannunka dai ba mai ƙwace shi.

Ga kuma yaranmu. Wanda ya iya ƙera mota da karan dawa da gwangwani ya riga ya yi rabin tafiya, awo kaɗai ya rage masa. Ku kai su gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, su ga kwaikwayon ganuwar Kano da na masallacin Zariya, ginin Babban Gwani Mika'ilu. In sun dawo gida a ba su guntaye su gwada nasu ƙarami.

Roƙona ga iyayen gida masu shago: kafin yaro ya koyi buga ƙusa, a sa shi ya haɗa wannan allo da hannunsa. A kuma riƙa sake auna shi in hunturu ya shigo, don katako na motsawa.

Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya zaunar da Jos lafiya. Sai mun sake haɗuwa.