Lafiyar Iyali: Awa Biyar Daga Kano Zuwa Jidda

Uwargida, idan Allah Ya kira ki Umara bana, ko za ki raka Hajiya, ga abin da za ki sa a lissafi. Daga Kano zuwa Jidda kimanin kilomita 3,400 ne ta sama, kusan awa biyar a jirgi. Kakanninmu sai da suka yi watanni a hanya, ta Chadi da Sudan, kafin su haye Bahar Maliya. Mun gode Allah, amma sauƙin nan bai rasa nasa haɗarin ba.

Zaman da ya wuce awa huɗu babu motsi kan sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Idan gudan jinin ya ɓalle ya tafi huhu, yana iya kisa. Mai ciki, mai jego, mai ƙiba da mai shan ƙwayar tazarar haihuwa sun fi kowa shiga wannan haɗari.

Mata da yawa sukan ƙi shan ruwa a jirgi don kada alwala ta karye, ko don kunyar zuwa banɗaki. Don Allah ki sha. Ki nemi kujerar bakin hanya, ki riƙa tashi kina ɗan takawa. Ko a zaune kike, ki dinga juya sawayenki.

Mai ciki ta fara ganin likita kafin a sayi tikiti, domin yawancin kamfanonin jirgi ba sa ɗaukar wadda ta wuce mako 36.

Bayan an sauka, ko an dawo gida, idan ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi wuya, kada a tsaya tausa ko gashi da ruwan zafi. A garzaya asibiti.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya karɓi ibada.