Asibitin Tarayya na Kafanchan: A Fara da Na'urar da Ke Ganin Ƙwaƙwalwa

A shekarar 2025 Shugaba Bola Tinubu ya amince da kafa Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya a Kafanchan. An sha murna, saura rabon kuɗi, kuma a teburan Abuja ake yin sa. Ya kamata masu tsara kasafin su sa majinyaci guda a ransu: wanda ɓarin jikinsa ya shanye da hantsi a Kagoro ko Zonkwa.

Cutar iri biyu ce. Ko dai jijiyar ƙwaƙwalwa ta toshe, ko ta fashe. A ido kamanninsu ɗaya, amma allurar narkar da gudan jini da ke ceton na farko tana iya kashe na biyu. Hoton CT ne ke raba gardama, ita kuwa allurar bisa ƙa'ida cikin sa'o'i huɗu da rabi ake yin ta. Wanda aka ɗora a mota zuwa Jos ko Kaduna, a hanya lokacinsa yake ƙarewa.

Toshewar jijiya ba ta kashe wurin gaba ɗaya nan take. Tsakiyarsa ke mutuwa, gefensa kuma ya rage a galabaice: jini ya ragu, amma naman na tatsar iskar oksijin daga ɗan abin da ke isa gare shi. Da na'urar PET aka auna wannan, sai dai oksijin-15 da take amfani da shi rabinsa ke gushewa cikin kusan minti biyu, dole a sarrafa shi a gefen asibiti. Wannan ba abin da Kafanchan za ta nema yau ba ne. Na'urar CT mai auna gudanar jini ita ce daidai wuyanta. A 2018, binciken DAWN da DEFUSE 3 sun nuna cewa idan hoto ya tabbatar akwai sauran naman da za a ceta, zaro gudan jinin na amfani har bayan sa'o'i 16 zuwa 24.

Za a ce zaro gudan jini aikin ƙwararru ne da ba a ko'ina ake samun su ba. Gaskiya ne. Amma hoton ne ke nuna wanda tafiya za ta amfana, da wanda wahala kawai za a ƙara wa iyalinsa.

Sayen na'ura shi ne mai sauƙi, har da yanka ƙyalle. Abin da takardun kasafi kan manta shi ne wutar da ba ta ɗaukewa, kwangilar gyara, ruwan allurar da ke haska jijiyoyi, da albashin ma'aikacin da zai kunna ta ƙarfe biyun dare.