Saƙon salula yana da amfani, amma sai tukunya ta cika

A ƙasar Amurka akwai wata al'umma da ake kira Latino. Asalinsu daga Meziko, Kuba, Guwatemala da sauran ƙasashen da ke kudu da Amurka ne. Da yawansu Sipaniyanci suke yi a gida. Ƙidayar shekara ta 2020 ta nuna sun kai mutum miliyan 62. Cikin yara huɗu na Amurka, ɗaya nasu ne.

Babbar damuwar likitoci game da yaransu ita ce ƙiba fiye da kima. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, wato CDC, ta auna yara masu shekara 2 zuwa 19 tsakanin 2017 da 2020. Cikin yaran Latino 100, ta tarar 26 suna da ƙiba mai yawa. Cikin yaran fararen fata 100, kusan 17 ne.

Wani zai ce: ai ƙiba alamar jin daɗi ce. Iyaye da kakanni da yawa na Latino ma haka suke gani, kamar yadda ake gani a nan. Sai dai ciki yana iya cika, jiki bai samu abin gina shi ba. Gwangwani ɗaya na lemu yana ɗauke da sukari kimanin cokalin shayi 10. Yaron da ya saba da shi, haƙoransa suna ruɓewa. In ya girma da ƙiba, yana cikin haɗarin ciwon sukari da hawan jini.

Mi ya kawo haka? Abincin gargajiyar mutanen Meziko masara ce da wake, kuma abinci ne mai kyau. Amma a Amurka kayan zaƙi da soye-soye suna da araha, ga su a kowane kanti. Iyaye da yawa suna wuni wurin aiki, ba su da lokacin girki. Wasu unguwanni kuma ba su da kasuwar kayan lambu a kusa.

Saboda haka ma'aikatan lafiya suka nemi hanyar isa ga uwa tana cikin gidanta. Sai suka duba abin da ke hannunta: salula. A 2010 aka buɗe wani shiri mai suna Text4baby. Shirin ya riƙa aika wa masu ciki da masu goyo gajeren saƙo sau uku a mako, kyauta, da Turanci ko da Sipaniyanci. Saƙon yana tuna musu shayarwa, rigakafi da ranar awo.

Akwai kuma shirin gwamnati mai suna WIC, wanda aka soma a 1972. Yana taimaka wa masu ciki, masu shayarwa da yara ƴan ƙasa da shekara 5 na gidajen masu ƙaramin ƙarfi. Yana ba su madara, ƙwai, wake, hatsi, kayan lambu da ƴaƴan itace. Ana sa taimakon a cikin kati. Da wata manhaja ta salula mai suna WICShopper, uwa tana haska lambar da ke jikin kaya a kanti, ta san ko katinta zai biya shi.

Wannan dabara ta dace da su. Cibiyar bincike ta Pew ta nuna a 2021 cewa cikin manyan Latino huɗu, ɗaya ba shi da intanet a gida sai ta salularsa.

A ganina, hanya ce mai kyau, kuma ya kamata a ci gaba da ita. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, bakin yaro kuma da abin da aka soma ba shi yake sabawa. Shawarar likitoci ba ta da tsawo. Nono zalla har wata 6. Kada a ba jariri ruwan ƴaƴan itace na kwalba kafin ya shekara. Kada a ƙara sukari a abincinsa kafin shekara 2. Irin wannan magana tana shiga cikin saƙo ɗaya.

Amma akwai sharuɗɗa uku.

Na farko, saƙo ya zo cikin harshen gida, ya yi maganar abincin gida. In an ce wa uwa ta dafa abin da ba ta sani ba, za ta share saƙon. A kuma sa kaka a ciki, don sau da yawa ita ke riƙon yaro da rana.

Na biyu, a samu mutum a bayan saƙon. A unguwannin Latino akwai mata ƴan unguwa da aka horar kan kiwon lafiya, suna shiga gida-gida. Uwa ta fi yarda da wadda ta sani. Wasu iyalai baƙi kuma suna tsoron ba da suna da lambar waya. Sai an tabbatar musu da sirri za su shiga.

Na uku, abinci ya samu. Wannan ya fi sauran nauyi. A 2009 shirin WIC ya gyara kayan da yake bayarwa: ya ƙara kayan lambu da ƴaƴan itace, ya rage ruwan ƴaƴan itace. Cikin yaran shirin masu shekara 2 zuwa 4, masu ƙiba suka ragu daga kusan 16 cikin 100 a 2010 zuwa kusan 14 a 2016. Masu bincike suna ganin gyaran abincin yana cikin dalilan. Da ruwan ciki ake jan na rijiya: uwar da ba ta da kuɗin cefane, saƙo goma ba zai cika mata tukunya ba.

A Nijar, tamowa ce ta fi damun yaranmu, ko da yake lemu da alewa sun yawaita a Yamai, Maraɗi, Tawa da Damagaram. Darasin ɗaya ne. A 2013, a gundumar Mirya, an koya wa iyaye mata auna dantsen yara da ɗan zare mai launi. Aka tarar suna gane tamowa kamar ma'aikatan lafiya na ƙauye. Uwa, in ta samu sani da kayan aiki, tana iyawa.

Don haka, duk wanda zai aika wa iyaye saƙon lafiya, ya aika cikin harshensu, da murya ga wadda ba ta karatu. Ya tanadi wanda za ta tambaya. Maigida kuma ya bar wa yara rabonsu na wake, gyaɗa, ƙwai da zogale kafin ya kai kasuwa.