Bashin lissafi na shekarar farko: a biya shi da tsari

Ƴan uwa matasa, duk shekara yaran Matamaye na cin BAC C ko D, su nufi IUT na Damagaram ko EMIG a Yamai da burin zama injiniya. Da yawansu a shekarar farko suke tuntuɓe, kuma galibi lissafi da fizik ne ke kada su.

A tsarin LMD, kowane semestar kiredi 30 ne, lisans kuma 180. Inda doka ta bari, ɗalibi kan wuce aji na biyu da bashin darasi a wuyansa. Nan ne tarkon yake. Darussan lantarki da na ƙarfin kayan gini duk a kan lissafin shekarar farko suke tsaye. Wanda bai riƙe shi ba, ya je ya kwashi sabbin darussa cike da hannu, to wallahi bashi biyu zai tara. Gara ya fara biyan na lissafin, ko da karatun zai ƙara shekara. A gida za a yi surutu, eh, amma surutun ya fi kora sauƙi.

Makarantun ma da nasu. Tun makon farko a liƙa dokokin wuce aji a fili, a faɗa wa ɗalibi abin da maimaitawa za ta yi wa burs ɗinsa na ANAB, kuma kar a sa jarrabawar bashi rana ɗaya da ta sabon aji.