Kafin Ka Sayar da Tumaki Don Photoshop

Makon jiya wani ƙanena da ke Horo Birni, a ƙaramar hukumar Shagari, ya kira ni neman shawara. Ya jima yana haɗa wa abokai katin ɗaurin aure da fosta a wayarsa da PixelLab, yanzu har an fara biyansa. Shi ne yake shirin sayar da tumakinsa biyu ya sayi kwamfutar tebur ya koma Photoshop, don wani ya ce masa gyaran hoto a waya wasan yara ne. Na ce masa ya bar tumakin su ci gaba da kiwo tukuna.

Ba na raina Photoshop. Tun 1990 take kasuwa, kuma har yau da ita ake auna sauran. Sai dai tun 2013 kamfanin Adobe ya daina sayar da sabuwarta sau ɗaya, ya koma karɓar kuɗin wata-wata. Shi ya sa da yawa daga masu cewa suna da Photoshop ta sata ce aka ɗora musu a shago, kuma irin wannan takan zo da ƙwayar cutar da za ta iya cinye hotunan mutane. Sannan kwamfutar tebur ba ta da batir. Wuta na ɗaukewa, duk aikin da ba ka adana ba ya tafi, sai ka nemi janareto da fetur. Kuɗin kati nawa za ka haɗa kafin ka mayar da wannan?

Kwamfutar hannu kuwa, irin su iPad ko Galaxy Tab, ƙaramin sola ko shagon caji ya ishe ta, ta ɗauke ka sa'o'i. Manhajojinta kuma sun wuce yadda ake zato. Snapseed, wadda Google ya saya a 2012, kyauta ce, ba talla, ba ta bukatar data. Da ita za ka haskaka fuskar ango kaɗai ba tare da ka ƙone farar babbar rigarsa ba, wanda shi ne babban ciwon kan hoton da aka ɗauka a ranar Sakkwato. Lightroom ta fi ta iya daidaita launi, kuma ɓangarenta na kyauta ya ishi mai farawa. Canva tana da saukin haɗa fosta, amma tana shan data. In ka samu alƙalamin allo, yanke gefen rawani ko mayafi daga bayan hoto ya fi daɗi da shi a kan linzamin kwamfuta. Akwai Photoshop ta iPad tun 2019, amma ita ma ta biya ce, kuma ba ta kai ta kwamfuta kayan aiki ba.

A ganina abin da ya kamata ka tambayi kanka shi ne: ina hoton zai ƙare? Idan a WhatsApp, Facebook ko TikTok ne, kwamfutar hannu ta gama maka komai. Idan kuwa za a buga shi, a nan ta tebur take nuna ita babba ce. Allon waya yana haɗa launi da haske ja, kore da shuɗi, injin ɗab'i kuwa da tawada huɗu yake aiki, shi ya sa shuɗin da ya burge ka a allo yake fitowa a dushe a kan takarda. Manhajojin kwamfuta suna ba ka damar ganin wannan tun kafin a buga. Masu buga bana da kalandar biki kuma galibi CorelDRAW suke amfani da ita. Ka yi tunanin ka hau mota daga Shagari, ka wuce Bodinga har cikin Sakkwato, sannan a buɗe aikinka a babban allo a ga fuskar amarya ta farfashe. Sau da yawa ma ba laifin manhaja ba ne: WhatsApp ne yake matse hoto, don haka ka tura shi a matsayin fayil. Ka kuma duba salon rubutun da ka zaɓa, domin da yawansu ba su da ƙ, ɗ da ɓ, sai ka ga akwati a tsakiyar sunan mutum.

Ko ranar da bukatar kwamfuta ta zo, ba dole sai Photoshop ba. GIMP kyauta ce, kuma sigarta ta 3.0 ta fito a watan Maris na 2025. Affinity, wadda Canva ya saya a 2024, ita ma ta zama kyauta a watan Oktoban 2025. Photopea kuwa a intanet take buɗewa, tana karanta fayil ɗin Photoshop. Kuma in za a saya, gara ta tafi-da-gidanka, ko don batirinta.

Abu ɗaya da na ja masa kunne a kai shi ne Remini da ire-irenta. Suna ƙirƙiro abin da babu shi a hoton ne, har tsohuwa ta koma wata daban jikokinta su kasa gane ta.

Mun rabu a kan zai sayi kwamfutar hannu ta hannu mai batir lafiyayye, aikin bana kuma ya riƙa kai wa mai ɗab'i ya ƙarasa masa, har ranar da irin wannan aikin ya yi yawan da zai biya kuɗin kwamfuta da kansa.